Daga Kumburi Zuwa Tabo, Daga Tabo Zuwa Ciwon Daji

Kaka ta yi a Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maradi. An ɗaure hatsi dami-dami, an roro wake, mata suna ɓarar gujiya a tsakar gida. Lokaci ne na buki, da biyan bashi, da shirin tafiya ci-rani. Lokaci ne kuma da ake samun sukunin kai marar lafiya gidan likita, bayan an yi ta jinkiri sabili da aikin gona.

Cikin waɗanda akan ɗora bisa amalanke akwai wani irin majinyaci da ma'aikatan lafiya na Mayahi, da Tasawa, da Maradi suka sani sarai. Magidanci ne ɗan shekara 35 ko 40. Bara ya yi noma da ƙarfinsa. Bana ya rame, idanunsa sun yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, kuma hannu yana jin wani abu mai tauri ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Waɗansu dangi su ce sammu ne, waɗansu su ce jifa. An sha saiwa da sassaƙe, an yi tsaga, an sayar da akuya da tunkiya. Likita in ya duba yakan iske ciwon daji na hanta, wanda ya riga ya yi nisa. Abin da ke ɗaure wa dangi kai shi ne, ciwon bai fi wata uku ko huɗu da bayyana ba, amma likita ya ce tushensa yana jikin mutumin tun yana goye.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Tun shekarar 1992 ake rubuta masu ciwon daji cikin wani kundi na musamman a Yamai. Lissafin da aka fitar na shekarun 1992 zuwa 2009 ya nuna cewa ga maza ciwon daji na hanta shi ne kan gaba, na fata da na mafitsara suna biye. Waɗannan wurare uku na jiki sun yi tarayya cikin abu guda: kowannensu yakan yi fama da kumburin da ya ƙi ƙarewa shekara da shekaru kafin daji ya tsiro.

Kumburi garkuwa ne

In ƙaya ta soki manomi a gona, wurin yakan yi zafi, ya kumbura, ya yi raɗaɗi, wani lokaci ya tara mugunya. Wannan aikin tsaro ne na jiki. Hanyoyin jini na wurin suna buɗewa, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, su yi tururuwa zuwa bakin daga. Suna fesa wani irin dafi mai ƙona ƙwayoyin cuta, suna haɗiye matattun, suna share wurin. Mugunya ita ce gawarwakin wannan yaƙi.

In yaƙi ya ƙare, sai gyara. Ƙwayoyin halitta na fata suna rabuwa biyu-biyu domin su cike gurbin waɗanda suka mutu. Waɗansu ƙwayoyin kuma suna saƙa zaruruwa masu tauri domin ɗinke bakin mikin. Wannan saƙa ita ce tabo. Cikin ƴan kwanaki jiki yakan ba da umurni a tsaya, sojoji su janye, manomi ya koma gonarsa.

Matsala tana farawa ne in abin da ya tayar da yaƙin ya ƙi fita. Ƙwayar cuta ta zauna cikin hanta, ko ƙwan tsutsa ya maƙale cikin mafitsara, ko gyambo ya yi ta buɗewa, ko mutum ya riƙa shan giya kullum. To, sojoji ba su janyewa, masu saƙa ba su hutawa. Runduna in ta yada zango cikin gona kwana guda, shuka tana iya farfaɗowa. In ta shekara ashirin, gonar ta zama faƙo. Irin wannan kumburi na cikin jiki sau da yawa ba shi da zafi ko raɗaɗi, mai shi yana cin tuwonsa yana aikinsa.

Yadda tabo ke kashe aiki

Tabo yana riƙe nama, amma ba ya aikin naman da ya maye. Tabon ƙuna ba ya zufa, ba ya fid da gashi. Mutanen jihar Maradi sun san ciwon idon nan da ke komowa yaro sau da yawa, har cikin fatar ido ta yi tabo ta tamuƙe, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar idon, mutum ya makance da girmansa. Abin da ido ke gani a nan shi ne ke faruwa a ɓoye cikin hanta.

Hantar babban mutum ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ke tace jinin da ya fito daga hanji, ta ajiye abinci, ta kashe dafi, ta yi ruwan ɗaci na matsarmama. Allah ya yi ta da ƙarfin sabunta kanta, ko an yanke wani sashe tana mayar da shi. Amma in kumburi ya daɗe, zaruruwan tabo suna ratsa ta ko'ina, su raba ta ƙulli-ƙulli, ta taurare. Jinin hanji sai ya kasa wucewa, ya yi ta matsa baya kamar ruwan da aka datse. Daga nan ciki ke cika da ruwa, jijiyoyin maƙoshi su kumbura, wata rana su fashe mutum ya yi aman jini. Taurin hanta shi kaɗai yana kisa ko da daji bai fito ba.

Daga tabo zuwa daji

Cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon rubutu da ke gaya mata aikinta, da lokacin rabuwa, da lokacin tsayawa. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun nan gaba ɗaya. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san abin da kwafe yake. In ɗalibi ya kwafe daga allo, na kusa da shi ya kwafe daga littafinsa, na uku ya kwafe daga na biyu, kafin a kai na ɗari an bar baƙi nan, an ƙara wasali can.

Kumburi mai daɗewa yana ƙara kuskuren nan ta hanya uku. Ta fari, ƙwayoyi suna ta mutuwa ana ta maye su, watau ana kwafe babu hutu. Ta biyu, dafin da sojojin jiki ke fesa wa abokin gaba yana taɓa rubutun ƙwayoyin gida, ya goge waɗansu baƙaƙe. Ta uku, wurin miki yana cike da saƙonnin da ke cewa a rabu, a yi girma, a jawo sababbin hanyoyin jini. Ran da kuskure ya faɗa kan layin da ke cewa a tsaya, an sami ƙwayar da ba ta jin umurni, ga ta kuma cikin wurin da ake ciyar da mai girma. Ita da zuriyarta su ne ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara. Kuskure ɗaya bai isa ba, sai sun taru da yawa cikin ƙwaya guda, shi ya sa abin yakan ɗauki shekara 20 ko 30 ko fiye.

Masana sun daɗe da hango haka. A 1863 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini cikin naman daji, ya ce lalle daji yana tsirowa inda kumburi ya daɗe. A 1986 wani likita na Amurka, Harold Dvorak, ya kwatanta daji da mikin da ba ya warkewa. Cibiyar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2018 kashi 13 cikin 100 na ciwon dajin duniya ƙwayoyin cuta masu zama cikin jiki ne suka jawo shi. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, lissafin 2012 ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Wannan labari ne mai nauyi, amma akwai bushara cikinsa, domin ƙwayar cuta ana iya tare ta.

Ƙwayar ciwon hanta

Babbar mai laifi a ƙasashen Sahel ita ce ƙwayar ciwon hanta mai lamba B. Wani masani na Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarta cikin jini a 1965, aka ba shi kyautar Nobel a 1976. A tsibirin Taiwan an bi maza 22.707 ana dubawa, sakamakon da ya fito a 1981 ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran kamuwa da dajin hanta ninki 100 ko fiye. OMS ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. An daɗe ana lissafa Nijar cikin ƙasashen da aƙalla mutum 8 cikin 100 ke ɗauke da ita.

Shekarun mutum ran da ya kamu su ke yanke hukunci. Babba in ya kamu yakan yi shawara ya warke, ƙasa da 5 cikin 100 ne ƙwayar ke zaunawa jikinsu. Jinjirin da ya kamu wajen haihuwa kuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, wajen 3 cikin 10. Daga cikin waɗanda suka ɗauke ta tun ƙuruciya, abin yana iya kai ɗaya cikin huɗu da taurin hanta ko daji zai kashe in ba a yi magani ba. Ƙwayar nan tana da wani makirci kuma: tana cusa nata rubutun cikin rubutun ƙwayar hanta, har daji ya iya fitowa tun hanta ba ta taurare ba.

Tana bin jini da ruwan jiki. Tana wucewa daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, tsakanin yara ƙanana ta miki da ƙurji, tsakanin miji da mata, da kuma ta bakin ƙarfe: askar aski, da ta kaciya, da ta tsaga, da ƙaho, da cire beli, da rezar yankan cibiya, da allurar da aka yi wa wani. Tana rayuwa cikin busasshen jini aƙalla kwana 7. Cin abinci akushi ɗaya, ko gaisawa, ko tari, ba su ɗaukar ta. Babu dalilin ƙyamar mai ita, ko ware masa ƙwarya.

Dafin cikin rumbu

Ƙasar Maradi ƙasar gujiya ce tun zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake awon ta a kasuwanni. Gujiya abinci ce mai gina jiki, laifin yana ga wata hunhuna da ke kama ta. An gane haka a Ingila a 1960, sa'ad da talo-talo wajen 100.000 suka mutu bayan sun ci tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. Dafin hunhunar ana kiransa aflatoksin. Yana son gujiyar da fari ya kama gab da girbi, da wadda ƙwari suka huda, da wadda aka tara da sauran danshi. Yana kama masara kuma. Dahuwa da suya ba su kashe shi.

Hanta ce ke karɓar dafin nan, shi kuwa yana zuwa kai tsaye kan rubutun ƙwaya. A 1991 masana suka gano cewa yana ɓata wuri guda cikin wani layi da suke kira p53, wanda aikinsa gadi ne: shi ke tsayar da ƙwayar da rubutunta ya lalace. In mai gadi ya mutu cikin hantar da ƙwayar B ta riga ta hana hutu, haɗari ya haɗu da haɗari. Binciken da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin, wanda ya fito a 1994, ya nuna mai abu biyun ya fi wanda ba shi da ko ɗaya kamuwa da dajin hanta kusan ninki 60.

A nan akwai wata al'ada mai ban tausayi. Akan zaɓi gujiya mai kyau a kai kasuwa, a bar ƴan ƙanana, da tamuƙaƙƙu, da masu ɗaci, domin miya da ƙuli-ƙulin gida. Watau mafi dafi shi ke shiga bakin yara. Maganin abin yana hannun manomi. A yankin Kindiya na ƙasar Gine an gwada cikin ƙauyuka 20: tsince ɓatattu da hannu, shanya bisa tabarma maimakon ƙasa, busarwa sosai, zubawa cikin buhun algarara, ɗora buhuna bisa katako, da sa maganin ƙwari. Sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna dafin cikin jinin mutanen ya ragu da fiye da rabi in an gwada da ƙauyukan da ba a yi haka ba.

Tsargiya da mafitsara

Duk inda ruwa ya kwanta watanni, tabki ne ko fadamar noman rani, tsargiya tana iya zama. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga wata ƴar katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. Tsutsar tana zama cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekaru, tana zuba ɗaruruwan ƙwai kowace rana. Waɗansu ƙwan suna fita da fitsari, su ke kawo jini. Sauran suna maƙalewa cikin bangon mafitsara, sojojin jiki su kewaye kowane ƙwai, tabo ya hau kan tabo. Mafitsara ta taurare, hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta lalace, ga waɗansu kuma daji ya tsiro.

Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1911 wani likita mai suna Ferguson ya nuna dangantakarta da dajin mafitsara a Masar. A 1994 cibiyar Liyon ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo daji. A waɗansu wurare ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ga yaro namiji, alhali ciwo ne. Nijar ta fara rabon ƙwayar praziquantel ga ƴan lakwal da jama'a a 2004, ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi adadinsa. Ƴan ci-rani na Mayahi da Tasawa da ke aiki cikin ruwa a kudu ya kamata su nemi awon fitsari in sun komo gida.

Gyambo da tabon ƙuna

Na ukun yana fili, kowa yana ganinsa. Gyambon ƙwabri da ya shekara goma yana rufewa yana buɗewa, da tabon ƙunar wutar ɗari da yaro ya samu, suna iya juyewa daji bayan shekaru masu yawa. Wani likita Bafaranshe, Marjolin, ya ba da bayanin irin wannan miki a 1828, har yau ana kiransa da sunansa. Ga baƙar fata, dajin fata ya fi fitowa a irin waɗannan wurare. Alamun su ne bakin miki ya yi kauri ya juyo waje, nama ya tsiro kamar kan kabeji, yana jini da an taɓa, yana wari. In an zo da wuri akan yanke wurin a dasa fata. In an makara, ƙafa ce ke tafiya, ko rai.

Abin da ke hannun jama'a

Na fari, rigakafi. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar ciwon hanta a 1984, kuma kafin 1997 an ga dajin hanta na yara ya ragu da kusan rabi. Gambiya ta fara nata gwajin a 1986. Nijar ta sa wannan rigakafi cikin allurar nan mai tare cuta biyar a 2008, wadda ake yi wa jariri a mako na 6, da na 10, da na 14. Sai an cika ukun kariya ke tsayawa. OMS tana ba da shawara a ƙara allura guda cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, domin toshe hanyar uwa zuwa ɗa. Wannan dalili ne babba na haihuwa a gidan likita, da tambayar ma'aikata tun wajen awon ciki.

Na biyu, awon jini. Waɗanda aka haifa kafin 2008, watau yawancin magidanta da iyaye mata na yau, ba su sami wannan allura suna jarirai ba. Ɗigon jini ya isa a san ko mutum yana ɗauke da ƙwayar. Mai ciki, da mai shirin aure, da dangin wanda ciwon hanta ya kashe su suka fi cancanta. Likita shi ke sanin wanda ke bukatar magani. Akwai ƙwaya mai suna tenofovir, guda ɗaya kowace rana, wadda ke danne ƙwayar cutar. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa bayan shekara 5 ana shan ta, tabon hanta ya ragu ga yawancin majinyata. Ke nan in an kashe wutar, faƙo ma yana iya komawa gona. Wanda hantarsa ta taurare ana son ya yi hoton ciki kowane wata shida. Ya nisanci giya, da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba, da ƙwayoyin ƴan talla.

Na uku, ƙarfe. Wanzami mutum ne mai daraja cikin gari, da shi za a yi gyaran. Kowane kai da rezarsa sabuwa, kowane ɗan kaciya da tasa aska, abin da ba a iya sakewa a wanke shi a tafasa. Haka ungozoma.

Na huɗu, miki da fitsarin jini. Mikin da ya wuce wata guda bai rufe ba a kai shi CSI mafi kusa, daga nan a tura shi asibitin gunduma na Mayahi ko na Tasawa, ko babban asibitin Maradi. A 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin daji da na'ura, abin da a da sai an fita waje. Amma Yamai tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Sarkin Hausa, kuma dajin hanta da ya yi nisa ba ya jin wannan magani.

Sabili da haka nauyin yana kan masu faɗa a ji. Magajin gari da hakimai su sa ranar rigakafi cikin shelar kasuwa. Malaman gona su haɗa bayanin shanya da ajiya cikin gargaɗin kaka. Limamai da malaman lakwal su gaya wa jama'a cewa ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma yana da sanadin da aka sani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, ya buɗe katin rigakafin ɗansa ya ƙirga allurai, ko sun cika uku. Jinjirin da aka raɗa wa suna wannan mako a Sarkin Hausa, lafiyar hantarsa ran da zai shekara 40 tana rataye ga abin da aka yi masa kafin ya cika wata huɗu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye masu tasowa.